Farashin Majanyin Inna

Ranar Talata da hantsi Mudassir ya kira ni ya ce Jamila ta sauka, an samu mace. Ina kan keke a lokacin, ina fama da rigar wata mai gaggawa, sai na bar allura tsaye cikin yadi na zauna ina hamdala. Jamila ƙanwata ce, autar ɗakinmu. Mudassir mijinta ne, yana karatu a wani gari na Ingila da ake kira Leeds, kuma shekara biyu ke nan da ya tafi da ita. Haihuwar ta zo da wuri, saura mako uku a lissafin likita.

Bayan la'asar ita ta kira da kanta. Mun gaisa, na yi mata barka, na tambayi jiki, na tambayi jaririya. Sai ta ja dogon numfashi.

"Yaya Furera," ta ce, "da Inna na nan."

Daga nan kuka ya ci ƙarfinta. Ni ba mai saurin kuka ba ce, saurin fushi ne nawa, kowa a Ƙofar Marusa zai ba da shaida. Amma ranar sai da na sa gefen mayafi na toshe baki. Haihuwar fari a gaban uwa ake yin jegonta, a ɗora maka ruwan wanka, a dama maka kunun kanwa, a yi maka faɗa idan ka ƙi ci. Ita kuwa Jamila tana can hawa na huɗu, ita da miji da katanga. Inna kuma ta rasu shekara ɗaya da rabi kafin nan.

Akwai abin da Inna ta bar mata. Majanyi ne, wato ƙyallen da ake ɗaurawa a kan zanen goyo don yaro ya zauna daram a baya. Saƙi ne na hannu, baƙi da ratsin fari, ya tsufa har ya yi laushi. Mu shida duk da shi aka goya mu, ni ma da shi na goya 'ya'yana Sagir da Nafisa. A gefe ɗaya akwai faci, inda garwashi ya taɓa ƙona shi Inna ta ɗinke da zaren da bai yi kama da shi ba. Tana kwance a ciwonta na ƙarshe ta ce mini, "Majanyin nan na Jamila ne, ita kaɗai ta rage ba ta goya ba. In ta haihu ki tabbata ya kai gare ta." Na amsa mata da to. Shi ya sa na ce wa Jamila ta share hawayenta, majanyin Inna zai iske ta kafin suna.

Kuskurena na farko shi ne na faɗa wa Gwaggo Dije. Ƙanwar babanmu ce, kuma abin da ya shiga kunnenta da safe ya gama zagaye unguwa kafin azahar. A wurinmu idan an ji wani zai je wani gari, kowa sai ya kawo saƙonsa, ba ya tambaya ko akwai wuri. To su mutanen unguwa sun ɗauka kamfanin aika kaya ma wani ɗan uwa ne da zai yi tafiya. Ranar Laraba tsakar gidana ta koma kasuwa. Gwaggo Dije ta kawo yajin jego cikin robar fenti. Maman Ashraf ta maƙwabta ta kawo daddawa da kuka. Wata ta kawo man shanu a kwalba, wata humra, wata dambun nama, wata kanwa. Surukar Jamila ta aiko da gero tiya biyu daga Batagarawa, wai na can ba ya yin kunu. Wata tsohuwa da ban ma san sunanta ba ta kawo tsintsiyar laushi, ta ce ta ji Turawa ba su da ita.

"Gwaggo, anya za su amshi duk wannan?" na ce.

"Mi zai hana? Ba jirgi ba ne? Jirgin da ke ɗaukar alhazzai da akwatunansu shi ne zai kasa ɗaukar yaji?"

Kyauta ba a mayar da ita, balle ta mai jego. Na haɗa komai cikin babbar jaka, na sa majanyin a sama cikin leda. Ranar Alhamis da safe na tari Keke Napep, mai keken ya kalli jakar ya ƙara kuɗi, muka yi 'yar ƙaramar rigima, muka tafi.

Ofishin ɗan ƙarami ne, a kan hanyar Kano. Kanta ɗaya, sikeli ɗaya, da kwalaye jibge a kusurwa. A bayan kantar akwai wata mata doguwa mai tabarau, an rubuta Esther a ƙirjin rigarta. Daga baya na ji 'yar Filato ce, amma ta shekara goma sha biyar a Katsina, har tana cewa "lahiya lau" irin tamu. Ta gaishe ni da kyau, ta tambayi gida da yara, sannan ta taya ni ɗora jakar a sikeli. Kilo goma sha ɗaya. Ta danna na'urarta ta faɗi kuɗin, sama da naira dubu ɗari shida.

"Ni hwa ba da kayan zan tahi ba," na ce. "Su kaɗai za su tahi."

Ta yi dariya, ni ban yi ba. Ta ce in bari ta duba abin da ke ciki. Ta fara fiddawa ɗaya bayan ɗaya tana jerawa a kan kanta. Dambun nama ba ya shiga ƙasar. Man shanu ba ya shiga. Humra ruwa ce mai kama wuta, jirgi ba ya ɗauka. Yaji da kuka da kanwa gari ne marar takardar da ta faɗi mene ne, suna iya riƙe kayan duka saboda su. Da ta buɗe ƙullin daddawa, wani mutum mai kwat da ke jiran layi ya matsa bakin ƙofa. Na ji kunya, ni kuma kunya fushi take zamar mini.

"To mi ke shiga ƙasar tasu? Iska?"

"Wannan yana shiga," ta ce, ta ɗaga ledar majanyin.

Ta ɗora shi a sikeli, bai kai rabin kilo ba. Ta ce dubu saba'in da takwas. Na ce a mota da ɗari biyar zan aika shi Kano, har direba ya kira ni ya ce ya isa. Ta ce haka ne, amma ba motar Leeds a tasha. Kuɗin ɗinkin sati biyu ne, har da ɗan abin da nake tarawa don canza kan keke. Na ce a tafi da shi.

Sai ta zare shi daga ledar. Ni na naɗe shi ne da dabara, facin yana ciki ba mai gani. Ita kuwa ta warware shi gaba ɗaya a kan kanta, gaban mai kwat da kowa, ta shimfiɗa, ta ɗauki wayarta ta yi masa hoto, gaba da baya, har da kusantar da wayar kan facin. Ta ce haka take yi wa kowane kaya kafin ta rufe. Na ji kamar ta buɗe ɗakin Inna tana nuna wa 'yan hanya. Na riga na cika.

Daga nan ta jawo takarda tana tambaya tana cikewa. Sunan mai karɓa, adireshi, lambar waya. Mene ne a ciki. Sannan ta ce, "Nawa ne kuɗinsa?"

"Ba na saidawa ba ne."

"Na sani, Hajiya. Amma dole a rubuta. In an kai shi kasuwa nawa zai yi? Tunda tsoho ne, mu sa dubu uku."

Har yanzu ina jin yadda maganar ta sauka mini. Dubu uku. Kuɗin kifin miya. Abin da ya ɗauki mutum shida, ya ɗauki jikoki, abin da Inna ta ambata da numfashinta na ƙarshe. Kuma na yi wani tunani da a lokacin na ga wayo ne: idan aka rubuta ba shi da daraja, wani ɗan dako a filin jirgi zai yi jifa da shi ko ya goge takalmi. Idan suka ga kuɗi mai nauyi, da hannu biyu za su riƙe shi.

"Rubuta miliyan ɗaya," na ce.

Ta ajiye biro. "Hajiya, ki bari in yi maki bayani. In ya isa can, su kwastan ɗinsu..."

"Madam, uwarki ce ko tawa? Kin hana yaji, kin hana mai, kin baje mani kaya a gaban mutane, yanzu kuma ke za ki yanke mashi kuɗi? Rubuta abin da na ce."

Ta sake buɗe baki, na sake tare ta, da murya sama da ta farko. Mai kwat yana kallon silin. Ta dube ni na ɗan lokaci, sannan ta rubuta, ta juyo da takardar na sa hannu. Ta ce kwana huɗu ko biyar na aiki, ba ta yi mini rantsuwa zai riga suna ba. Ta rubuta lambar wayarta a bayan rasit ta ce in ajiye. Na karɓa ba godiya, na ja jakata mai kilo goma da rabi na fita.

Jakar nan ta zame mini wani aikin. Ba zan iya bin gidaje ina mayar wa mutane da kyautarsu ba, kuma ba zan iya cewa ta tafi ba, don ƙarya da Gwaggo Dije ba ta kwana. Na tura ta ƙarƙashin gado. Kwana biyu ɗakina yana warin daddawa, Malam maigidana yana shigowa yana shaƙar hanci yana fita, bai tambaya ba saboda ya san wadda ya aura.

Ranar Litinin da safe, ana gobe suna, Mudassir ya kira. Yaro ne mai ladabi, sai da ya gaishe ni gaisuwa uku kafin ya zo kan magana.

"Yaya, saƙon ya iso ƙasar. Amma sun riƙe shi. Wai kaya ne mai tsada, sai an biya haraji."

Ya faɗi kuɗin da irin nasu, sannan ya juya mini shi zuwa namu. Ya haura dubu ɗari uku. Ya ce idan ba a biya ba cikin 'yan kwanaki za su mayar da shi, ko kuma ya bi kayan da ba mai su. Na san halin da suke ciki, ɗalibi ne, ga haya, ga jaririya da ta zo ba shiri. A hankali ya ce, "Yaya, wai zinari ne a ciki?"

Na ce kada ya faɗa wa Jamila, ina zuwa. Na zauna a bakin gado, warin daddawa yana tasowa, na gane cewa ba kamfani ba ne ya riƙe majanyin Inna, ba Turawa ba ne, bakina ne. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Abu ɗaya Inna ta bar mini amana, shi ne zan ɓatar a ƙasar da ko sunan garuruwanta ban iya faɗa daidai ba.

Na juya rasit na ga lambar. Ban kira ba, na ga wannan ba maganar waya ba ce. Na sa mayafi na tafi.

Ina shiga Esther ta gane ni. Na shirya jin "ai na faɗa maki", don da ni ce a wurinta sai na faɗa sau uku. Sai ta jawo mini kujera ta ce, "Sun riƙe ko?" Ta ce tun safe ta gani a na'ura, tana jiran ko zan zo.

"Madam, ki yi haƙuri da abin da na yi maki rannan."

"Ba komai, Hajiya. Mu ga yadda za a fiddo shi."

Ta ce akwai hanya, amma ba ta da tabbas. Za a rubuta wa ofishinsu na can cewa an yi kuskure a farashi, a tura shaida, su kuma su kai wa kwastan. Shaidar ita ce hotunan nan da ta ɗauka. Ta buɗe wayar ta nuna mini. Ga gefen da ya zare, ga inda baƙin ya koɗe, ga facin Inna da zarensa na daban, ya fito sarai. Ta ce duk wanda ya ga wannan ya san ba kayan miliyan ba ne. Abin da na naɗe na ɓoye don kada a raina shi, shi ne yau zai cece shi.

Ta buga takardar da Turanci, ta karanta mini da Hausa. Cewa ni Furera, mai aikawa, ina shaida abin da ke ciki tsohon ƙyalle ne da aka yi amfani da shi shekaru masu yawa, kyauta ce, kuma a kasuwa bai wuce naira dubu uku ba. Ta miƙo mini biro.

Na riƙe shi na kasa sa hannu. Na san gaskiya ce, ni mai ɗinki ce, na san kuɗin yadi fiye da ita. Amma hannuna ya ƙi.

Esther ta cire tabarau ta goge. Ta ce ita ma mamarta ta rasu, shekara tara ke nan. Abin da ta ɗauko daga ɗakinta wata 'yar fartanya ce da ƙotarta ta lotsa daidai inda hannun tsohuwar ke kamawa. Tana bayan ƙofarta a nan Katsina, a gidan haya da ko ciyawa babu.

"In an tambaye ni kuɗinta, ɗari biyar zan ce," ta ce. "Takardar nan ba ke take tambaya ba, Hajiya. Kasuwa take tambaya. Kasuwa kuma ba ta san Inna ba."

Na sa hannu. Hawaye ya ɗiga a gefen takardar, ta ɗauke ta da sauri kada ta jiƙe, ta tura. Sannan ta hau waya. Ta kira Legas, aka ce ta jira, ta jira, layi ya yanke, ta sake kira. Ina zaune ina kallonta tana sallamar wasu da hannu ɗaya, wayar maƙale a kafaɗa. Har azahar ta yi ba ta ci abinci ba. Na tambaye ta nawa zan biya na wannan aikin, ta ce ba ya cikin abin da ake biya.

Washegari aka yi suna, majanyi bai isa ba. An raɗa wa yarinya Halimatus Sa'adiyya, sunan Inna. Ko da mai jego tana wata ƙasa, mata sun ce sai an taru a gidana. Da na ga tsakar gida ta fara cika, na shiga ɗaki na jawo jakar nan na zazzage ta a gabansu, na faɗi gaskiya tun daga sikeli har zuwa sa hannu. Na jira faɗa. Gwaggo Dije ta ɗauki robar yajinta ta jujjuya.

"Su suka yi asara," ta ce. "Ku ɗora tukunya."

Aka yi tuwo da miyar kuka, da daddawar Maman Ashraf da man shanun da jirgi ya ƙi. Geron Batagarawa ya zama kunu. Dambun nama bai kai la'asar ba. Tsohuwa mai tsintsiya ta share tsakar gida da ita bayan an watse, ta jingine ta a bayan ƙofata. An ci an yi dariya, ni ma na yi, amma duk motsin waya sai na ɗauka na duba. Da Jamila ta kira aka zagaya da wayar kowa ta ga jaririya, ba ta tambaye ni majanyi ba. Rashin tambayar ya fi mini ciwo.

Laraba shiru. Alhamis da safe Esther ta turo saƙo cewa sun nemi ƙarin hoto, ta tura. Ranar Juma'a wajen sha ɗaya ta kira.

"Hajiya, sun sake shi. Ba haraji. Yana cikin mota yanzu."

Na yi mata godiya har na rasa abin faɗa, na koma yi wa mamarta addu'a, ita tana cewa amin. Da yamma na zuba ragowar yajin Gwaggo a kwalba, na ɗinka wa Esther riga da wani yadi da na daɗe ina ɓoyo, ban ma auna ta ba, idona ya riga ya auna. Amma wannan daga baya ne na kai mata.

Bayan an sauko daga masallaci Jamila ta kira ta bidiyo. Tana zaune a bakin gado, kwalin a buɗe a gefenta, ta kifa fuskarta cikin majanyin. Ta daɗe a haka. Da ta ɗago ta ce, "Yaya, ƙamshin akwatinta yana nan." Ta bi facin da yatsa. Sannan ta ce ita fa ba ta iya goyo ba, auta ce, ba ta da ƙanen da ta goya.

"Jaririyar kwana goma ba a daɗewa da ita a baya," na ce. "Amma tashi in nuna maki, ko na minti ɗaya ne."

Mudassir ya jingina wayar a kan tebur. Na ce ta duƙa. Ya ɗora mata yarinyar a baya, na ce ya tallafe kan, kada ya saki. Ta ja zani ta soke a ƙirji. Na ce ta kawo majanyin ta ƙarƙashin yarinyar, ta zagayo da shi gaba, ta ɗaure. Ta ɗaure sako-sako, na yi mata tsawa, ta kwance ta sake. A karo na uku ya zauna.

Ta miƙe a hankali ta juya wa wayar baya don in gani. Ɗan kai kawai ya leƙo sama da zanin, ido a rufe, ga saƙin baƙi da fari a ƙasa, facin yana gefen hagu inda yake zama a bayan kowa. Tunda sunan mahaifiyarmu ne da ita ba za mu iya kiransa ba, don haka tun ranar suna Inna muke ce mata.

"Yaya, ya yi?" Jamila ta ce.

"Ya yi," na ce. "Ki yi tafiya a hankali, Inna ce a bayanki."